Beetle ɗin gado a ƙasar Gumel: yadda injinta mai shan iska ya kwanta sau biyu kafin a gano cutarsa

## Asalin motar

A wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari akwai wani malamin firamare mai noman riɗi da zoɓo, wanda ya gaji mota ƙirar Volkswagen Beetle daga mahaifinsa. Mahaifin tsohon hedimasta ne. Ya saye ta sabuwa a ƙarshen shekarun 1970 da rancen mota na ma'aikata, zamanin da ake harhaɗa irinta a Legas. Kamfanin Volkswagen na Najeriya ya fara aiki a Ojo a 1975, yana fitar da Beetle da Kombi da Igala, kuma Beetle ce motar farko ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da dama a wancan lokaci. A duniya an ci gaba da ƙera ta har ranar 30 ga Yuli 2003, sa'ad da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21.

Hedimasta ya riƙe tasa da kyau har tsufa ya hana shi tuƙi. Bayan rasuwarsa motar ta yi kimanin shekara shida a ƙarƙashin rumfar kara, dab da rumbun gero, ba a tayar da ita ba.

## Ƙirar injin

Injin yana baya, kuma babu lagireto, babu ruwa ko ɗigo. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu. Idan mutum ya tsaya bayan motar ya ɗaga but, ta 1 da ta 2 suna hannun damansa, ta 3 da ta 4 suna hagu, kuma ta 1 da ta 3 su ne na can ciki wajen kujerar baya. Wuta tana bin tsarin 1-4-3-2. Na wannan mota asalinsa 1500 ne, wato cc 1,493, faɗin fistan milimita 83. A wani babban gyara da hedimasta ya yi a shekarun 1990 an sa masa silinda da fistan na 1600, masu faɗin milimita 85.5, ya koma cc 1,584. Hawa da saukar fistan milimita 69 ce a duka biyun. Ƙarfinsa bai wuce doki 50 ba.

Cikin injin, inda karanshaf yake, an zuba shi ne da haɗin magnesiyam, ɓari biyu aka haɗe da notuna. Ba shi da nauyi, amma yana da laushi. Silindodin ƙarfen zubi ne, kawunansu alminiyam, dukkansu da haƙarƙari a jiki don iska ta ratsa. Fanbel guda ɗaya tak ke juya dainamo, a ɗaya bakin sandar dainamon kuma fanka take, cikin wani gida na kwano. Fankar tana zuƙo iska daga ɗakin inji, kwanukan da suka lulluɓe silindodi su tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin, ta fice ta ƙarƙashin mota da zafin. A cikin gidan fankar, ta hagu, akwai ɗan ƙaramin lagireton baƙin mai a tsaye, don haka iskar da za ta je wa silinda ta 3 sai ta fara ɗaukar zafin mai. Daga 1971 injinan Jamus sun matsar da shi waje, amma na wannan mota tsohon tsari ne.

Baƙin mansa lita 2.5 ne kacal, kuma ba shi da filta, sai 'yar rariyar waya a gindi. Littafin motar ya ce a sauya mai duk kilomita 5,000, a bar wa kowane bawul (ƙofar shigar fetur ko ta fitar hayaƙi a kan silinda) sarari milimita 0.15 idan inji ya huce. Babu agogon zafi a gaban direba. Fitila biyu ce kawai: koriya ta mai, ja ta dainamo.

## Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: tayar da ita

Da kaka ta yi, malamin ya sayar da riɗi, ya ɗauko wani matashin bakanike daga gari, yaro mai hannu wanda ya koyi aiki a kan Golf da Toyota. Aka sa batir, aka wanke tanki da kafireta, aka sa sababbin filogi da wayoyinsu da kwantak, aka zubar da tsohon mai. Motar ta tashi a rana ta biyu.

A wannan zama an yi wasu abubuwa da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Robar da ta zagaye injin, mai rufe tsakaninsa da jikin mota, ta bushe ta tsattsage, sai aka fizge ta aka yar. Tukunyar tace iska ta asali, mai zaman baƙin mai a gindinta, an ga ta yi tsatsa ga nauyi, aka cire ta aka ɗora wata 'yar mai raga mai ƙyalli. Sababbin wayoyin filogi ba su zo da robobin da ke toshe ramukansu a jikin kwano ba, ramuka huɗu suka zauna a buɗe. Gidan fanka ba a buɗe shi ba. Bawul ma ba a leƙa su ba.

Duk tsawon hunturu motar ba ta yi gardama ba. Tafiyarta gajera ce: makaranta, kai Inna asibiti Gumel, sai kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Gari da sanyi, ƙura kuwa ta ko'ina.

## Maris da Afrilu 2023: alamun farko da magungunan da aka gwada

Da bazara ta kama, zafin rana ya haura digiri 40, sai motar ta sauya hali. Da safe lafiya lau. Bayan tafiyar kilomita 15 zuwa 20 sai ƙarfinta ya ragu, warin ƙonannen mai ya cika ciki, koriyar fitila ta riƙa ƙiftawa idan an tsaya a silo. In an kashe makulli injin ya ci gaba da shure-shure na ɗan lokaci, in an so tayarwa da zafi kuma ya ƙi.

"Malam, ai zafin gari ne," in ji bakaniken. "Kowace mota haka take yi yanzu."

Abu na farko da aka yi shi ne ƙara wa mai kauri da wani ruwan gwangwani da ake sayarwa don haka. Koriyar fitila ta daina ƙiftawa, warin bai daina ba. Na biyu, aka riƙa tokare murfin but da icce ta ƙasa don injin ya sha iska. Bayan mako guda komai na ɗakin inji ya yi ja da ƙasa, zafin yana nan. Na uku shawarar wani direba ce a tasha, cewa in ta yi zafi a kwara mata ruwa. An yi hakan ba sau ɗaya ba a bakin rijiyar burtsatse, tururi ya tashi, aka ci gaba da tafiya.

Tsakiyar Afrilu aka koma gareji saboda rashin ƙarfi. Aka sauya kwil, aka sake wanke kafireta, sannan bakaniken ya sassauta distiribita ya juya ta da kunne har inda ya ji injin ya fi amsa totur. A nan kuma ya ji ƙarar "cak-cak" daga gefuna biyu. Ya buɗe murafan bawul, inji da zafinsa, ya ɗaure su har ƙarar ta ɗauke ɗif. Malamin ya ji daɗi ƙwarai, don tun da ya san motar bai taɓa jin ta yi shiru haka ba.

## Mayu 2023: kwanciyar farko

Wata Alhamis da azahar, ana dawowa daga Maigatari da buhun gero uku da mutum biyu ban da direba, a giya ta huɗu cikin yashi, sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi daga baya, hayaƙi ya turnuƙe, injin ya tsaya cak. Amalanken shanu ya jawo ta gida.

Da aka sauke injin aka cire kan silindar hagu, sai ga kan bawul ɗin fitar hayaƙi na silinda ta 3 ya guntule ya faɗa ciki. Ya huda fistan, ya ragargaza ɗakin wuta. Tsakanin ramin filogi da mazaunin bawul kuma akwai tsaga a duka ɗakunan biyu na wannan kan.

## Yuni zuwa Oktoba 2023: gyaran farko

Bakaniken ya je Kano ya sayo kan silinda na hannu, da silinda ɗaya da fistan ɗinta. Ya ɗaga gidan fanka ya jingine shi gefe ba tare da ya leƙa cikinsa ba, tunda a ganinsa ɓarnar ba a can take ba. Ya haɗa, ya ɗaure notuna takwas na kan silindar da sifana da ya zura wa bututu, iya ƙarfinsa, don kada iska ta fita. Wani ɗan guntun kwano da ya faɗo daga ƙarƙashin silindodin hagu bai gane mazauninsa ba, sai ya tura shi cikin tarkace.

A daidai wannan lokaci aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, farashi ya yi tsalle. Malamin ya rage hawa motar sosai, kuma ɗan man da yake sha yawanci daga 'yan bumburutu ne a galan. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, hanyoyi suka caɓe. Wata uku motar ba ta yi wata doguwar tafiya ba, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da zafin kaka ya shigo a Oktoba aka fara kai amfanin gona kasuwa, sai wata ƙarar "fut-fut" ta bayyana ta hagu, musamman da safe ko in an taka totur. Mai ya fara ɗiga daga bututun sandunan bawul. Da bakaniken ya sa sifana zai ƙara ɗaure notunan, biyu daga ciki sai juyawa suke yi ba sa kamawa. Dogayen ƙusoshin da ke riƙe da kai da silinda sun tsige daga jikin magnesiyam da zarensu. Motar ta sake kwanciya.

## Nuwamba 2023: awo kafin kwancewa

Kawun malamin ne ya tuna masa da wani dattijo a Gumel wanda ya yi aiki a garejin dillalin Volkswagen a Kano tun yana saurayi, yanzu ya bar sana'a sai ɗan kiwo. Malamin ya je ya gaishe shi, ya ce zai kawo masa injin a akori-kura.

"A'a, Malam, kada ka sauke shi. Ka jawo mini motar yadda take. Ina so in ga abin da ke kewaye da shi tukuna."

"To, Baba. Amma an ce ciki ne ya lalace."

"Na ji. Ni dai abin da ya lalata cikin nake nema."

Dattijon ya sa aka kira matashin bakaniken ya tsaya kusa, ya ba malamin littafin rubutu ya ce duk abin da aka auna ya rubuta. Matsin silinda, da ma'aunin matsi da ake kira bar: ta 1 da ta 2 bar 8, ta 4 bar 6.5, ta 3 bar 5. Ƙa'idar littafi ita ce kada ya gaza 7, kuma kada bambancin ya wuce 2. Bawul na dama, waɗanda ba a taɓa ba tun Afrilu, uku daga cikin huɗu ba su da sarari ko kaɗan. Fanbel da aka danna da babban yatsa ya lotsa santimita 3, alhali bai kamata ya wuce kamar ɗaya da rabi ba. Da aka lallaɓa aka tayar da injin aka haska masa fitilar taimin, wuta tana riga fistan da digiri 40 a juyi 3,000 a minti, inda ake son 28 zuwa 32. Wasan karanshaf gaba da baya milimita 0.12 ne, cikin iyakar 0.07 zuwa 0.13, wannan ne kaɗai labari mai daɗi a ranar.

Sai kuma wayoyin filogi. A bakin distiribita akwai wata 'yar tsaga da ke nuna inda wayar silinda ta 1 take zama. Irin distiribitar wannan inji an ƙera ta ne ta jinkirta wa silinda ta 3 wuta da kimanin digiri 3, don rage mata zafi. Tun ranar da aka tayar da motar an dasa wayoyin ne da juyin gurbi ɗaya, aka murɗa distiribitar ta dace. Injin yana tashi lafiya, amma sassaucin da aka tanadar wa ta 3 wata silindar ce ke cin sa.

Bayan nan aka sauke inji aka kifa gidan fanka a kan tabarma. Abin da ya zubo ya cika kwanon awo: ɓawon gero, tsummokara, audugar kujera da ɓeraye suka yi sheƙa da ita. A cikin fukafukan fankar akwai leda baƙa da ta naɗe. Da aka ɗaga kwanukan saman silindodi, zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a tsakanin haƙarƙarin silindodin, jere-jere, sun bushe sun yi tauri har sai da aka sa tsinken waya ana ƙwaƙule su ɗaya bayan ɗaya. Lagireton mai kuwa robobinsa biyu na gindi sun ƙeƙashe suna tsiyayar da mai, man ya kama ƙurar hunturu, ya zama wani baƙin kwaɓi da ya toshe ƙofofinsa. Dattijon ya ɗaga shi ya saita da rana, haske bai ratso ko ta wuri ɗaya ba.

Ya ƙirga abubuwan da babu: robar kewaye, robobin filogi huɗu, kwanon ƙarƙashin silindodin hagu, kwanon baya da ke raba ɗakin inji da salansa wanda ya ɓace tun zamanin hedimasta, da tamostat da ke buɗe 'yan ƙyamaren iska na gidan fanka. Ƙyamaren suna nan, amma tsatsa ta riƙe su rabi a rufe.

"Ka san zugazugin maƙeri?" ya tambayi yaron. "In fatar ta huje, ko ka kwana kana zuga, iska ba ta isa wuta. Wannan ma haka yake. Kowane rami da ka bari, ta nan iskar za ta gudu."

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: gyara na biyu

An raba cikin injin biyu aka kai wa mai tana, wato mai injin feƙe ƙarfe, a Kano, ya faɗaɗa ramukan ƙusoshin ya dasa musu zaren ƙarfe, duka goma sha shida ba biyun da suka tsige kaɗai ba. A kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa aka yi ta yawo rumfa-rumfa har aka samo kwanon baya da robar kewaye da robobin filogi. Kwanon ƙarƙashin silinda bai samu ba, sai aka cire na dama aka kai wa maƙerin akwatuna ya yanka irinsa. Wannan ɗan kwano shi ke hana iska zubewa ta tsakanin silinda biyu, yana sa ta naɗo ta ƙarƙashinsu, kuma dole a maƙala shi kafin a sa bututun sanduna da kan silinda, in an manta sai an sake kwancewa.

Dattijon ya dage a sauya bawul ɗin fitar hayaƙi duka huɗu da sababbi, ko da yake uku a ido lafiyarsu ƙalau. Malamin ya so ya rage kuɗi a nan, Baba ya ce bawul da ya taɓa shan irin wannan wuta ya riga ya miƙe, ranar karyewarsa kawai yake jira. Aka wanke haƙarƙari da kananzir da burushi, aka jiƙa lagireton mai aka busa shi har haske ya ratsa, aka sa masa sababbin robobi. Notunan kai aka ɗaure su da sifana mai awo, zagaye biyu, bisa tsarinsu, aka tsaya a awon ɗauri Nm 32 da littafi ya faɗa wa ƙusa mai milimita 10. Yaron ya ce a hannunsa kamar ba su ɗauru ba. Dattijon ya bayyana masa cewa alminiyam da silinda suna kumbura in sun yi zafi fiye da yadda ƙusa ke miƙewa, ɗaurin yana ƙaruwa da kansa, in ka cika shi tun da sanyi to zaren magnesiyam ne zai biya.

Tamostat ba a same shi ba. Wasu kanikawa in haka ta faru sukan cire ƙyamaren gaba ɗaya, amma dattijon ya ƙi, domin ko a buɗe suke su ne ke karkata iska zuwa kawunan silinda inda zafi ya fi yawa. Ya goge musu tsatsa ya ɗaure su a buɗe. Tsohuwar tukunyar tace iska aka tono ta a ɗakin ajiya, aka wanke, aka zuba mata mai zuwa layin da aka zana. Aka mayar da wayoyi gurabensu, kwantak milimita 0.4, wuta digiri 30 a juyi 3,000, bawul 0.15 da sanyin safiya. Fanbel sabo, an saita shi da woshoshin da ke tsakanin ɓari biyu na fulin dainamo: a rage wosha ya ɗauru, a ƙara ya saki, rarar a ajiye su a bayan noti. Mai mai lambar kauri SAE 40 zalla ba haɗi.

Akwai abin da ba shi da alaƙa da zafi amma dattijon bai yarda motar ta bar gidansa ba sai da aka yi shi. Robar fetur da ke hawa kafireta ta tsage, kuma tana bi ta saman distiribita inda tartsatsi yake. An sauya ta, an ɗaure bakunanta da ƙarfe, an fitar da filtar fetur daga ɗakin inji. Beetle da yawa gobara ce ta ci su ta wannan hanya.

Bayan kilomita 500 aka zubar da mai, aka wanke rariya, aka sake auna bawul. Matsin silinda huɗun ya tsaya tsakanin bar 8 da 8.5.

## Fabrairu zuwa Yuni 2024: bazarar gwaji

Dattijon ya koya wa malamin auna bawul da kansa. A kawo silinda ta 1 sama, a zura ɗan siririn ƙarfen awo, sannan a juya fuli baya rabin zagaye don ta 2, haka ta 3, haka ta 4. Ya ce tunda motar ba ta da agogon zafi, littafin nan shi ne agogonta: bawul da ke matsewa wata bayan wata yana miƙewa ne, wanda ke sakewa kuma kai ne ke ɗagawa. Saboda ƙura suka tsayar da kilomita 2,500 maimakon 5,000 don sauya mai da duba bawul, tukunyar iska kuma duk mako biyu a lokacin hunturu.

A awon farko bawul ɗin hayaƙi na ta 3 ya sauko 0.10, aka mayar da shi. A na biyu da na uku bai motsa ba.

Tuƙi ma ya sauya. Fanka da inji tare suke juyawa, don haka jan kaya a giya ta huɗu da ƙaramin gudu yana nufin wuta mai yawa da iska kaɗan. Malamin ya koma shiga yashi da giya ta biyu ko ta uku, injin yana kuka amma yana shan iska. Kayan da motar za ta ɗauka, har da mutanen ciki, bai kai kilo 400 ba, don haka buhu biyu ya zama iyaka. But a rufe. Fetur daga gidan mai in dai akwai hali.

A Afrilu, da tsakar rana a hanyar Gumel, jar fitila ta kama. A wata motar wannan batun caji ne, ana iya ƙarasawa gida. A Beetle yana iya nufin fanbel ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma 'yan mintuna sun isa su gama da inji. Malamin ya kashe nan take. Bel ɗin ne kuwa. Yana da wani a ƙarƙashin kujera da sifana, ya sa ya wuce. Har damina ta sauka koriyar fitila ba ta ƙifta ba, injin bai sake shure-shure bayan kashe makulli ba, kuma bayan tafiyar Maigatari yana iya riƙe sandar awon mai a hannu ba ta ƙona shi ba.

## Hukunci

Zafin bazara bai kashe wannan inji ba, tona asirinsa kawai ya yi. Cutar tana nan tun ranar da aka tayar da shi: hanyar iska a toshe ta ciki da sheƙar ɓera da ginin zanzaro, a huje ta waje saboda roba da kwanukan da babu. Rashin robar kewaye da kwanon baya ya sa fanka tana sake zuƙo iskar da ta riga ta ɗauki zafin silinda da salansa. Sanyin hunturu da na damina ne suka rufa masa asiri har sau biyu, shi ya sa kowane gyara ya yi kamar ya ci.

Magungunan bazarar farko kuwa kowanne ya ƙara wa wutar itace. Wannan inji yana da wani bawul da ke kauce wa lagireton mai idan matsin mai ya yi yawa, don haka mai mai kaurin tsiya yana iya kashe koriyar fitila alhali ya rage zuwa inda zai huce. Tokare but ta ƙasa ya buɗe ƙofa daidai inda hayaƙi da ƙura ke tashi. Ruwan sanyi a kan alminiyam mai zafi yana cikin abin da ke tsaga shi. Wutar da aka matsar gaba da kunne ta ƙara zafin ɗakin wuta, fetur ɗin galan da ba a san haɗinsa ba ya taya ta. Mafi muni shi ne ɗaure bawul. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In babu sarari ba ya zama, wuta ta riƙa lasar gefensa har wuyansa ya gaza. Garin neman gira aka rasa ido: ƙarar "cak-cak" da aka kashe alamar lafiya ce.

Ba na ganin adalci ne a jibga laifin duka a kan matashin. Abin da ya koya gaskiya ne a kan motoci masu ruwa, inda kwano da roba a ɗakin inji ado ne ko kariyar laka, inda kuma agogo ke gaya maka zafi kafin ɓarna. Ba wanda ya taɓa nuna masa inji wanda kwanonsa shi ne lagiretonsa. Abin da ya raba shi da dattijon shi ne awo kafin kwancewa, da tambayar me ya karya bawul ɗin maimakon tsayawa ga sauya shi. Masu cewa injin Beetle ba ya mutuwa suna da hujja, don yana da sauƙi, noti huɗu ke riƙe da shi a jikin giya, kuma mutum ɗaya da sifana kaɗan zai iya kula da shi a ƙauye. Amma ƙarkonsa na sharaɗi ne, kuma sharuɗɗan suna da tsauri a ƙasar da bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ke zubar da ƙura wata uku.

Akwai sauran rauni. Rashin tamostat yana sa injin ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, wanda ke ƙara cin silinda da gurɓata mai, kuma har yanzu ana cigiyar sa. Mai tana ya ce mazaunin babban beyarin na wajen fulawil ya fara sakewa, in aka sake buɗe injin sai an gyara ramin. Sababbin kayan gyara da ake samu ba duka ne masu inganci ba, fanbel ɗin da ya tsinke a Afrilu wata uku kawai ya yi. Matashin bakaniken ne ke yi wa motar sabis yanzu duk kilomita 2,500, da sifana mai awo da ya saya, malamin kuma yana rubuta lambobin bawul takwas a littafinsa kafin a taɓa ko ɗaya.